Inda Dauɗar Ta Tsaya

Littattafai tara aka jera a takardar da aka liƙa a allon sanarwa na sashen gine-gine, kuma kowane malami ya rantse ya maya cewa nasa ba makawa sai an saya. Auta ta ɗauki hoton takardar da waya, ta koma kan matakala ta zauna tana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Abin da Mama ta tara mata daga ɗinki ba zai kawo fiye da uku ba, su ma sai in na hannu ne.

Malamai dai sai a bar su da halinsu. Wani zai shigo ranar farko yana zare ido, ya ce duk wanda ba shi da littafin kada ya taka masa aji, sannan zango ya ƙare bai buɗe shi ko sau ɗaya ba. Wani kuma shi ya rubuta abinsa, kullum sai ya ɗaga shi sama an ga sunansa a bango. Akwai mai shiru-shiru da zai ambaci littafi sau ɗaya tak kamar da wasa, ranar jarrabawa ka tarar daga cikinsa ya kwaso komai. Ɗalibi na tsakiya yana ta rarraba ido, bai san wa zai gaskata ba.

Doguwa ce ta same ta a haka, wata 'yar aji uku da ta san kowane lungu na kwalejin. Ta karɓi wayar ta duba, ta taɓe baki.

"Ke, kada ki kashe kanki. Wannan akwai shi a laburare, in kin riga kowa zuwa. Wannan kuma hotonsa na yawo a waya. Sauran ki kai wa Baba Gefe jerin, shi zai faɗa miki na saye da na bari."

"Na bakwai fa? Na tushen gini?"

"Koren nan? Ba mai sayensa. Ko kin saya ma faɗuwa ce, rabin aji ake kwasa duk shekara. Malamin mugu ne, daga inda ba wanda ya sani yake kawo tambayoyi. Ni kaina bana zan sake shi, tare za mu zauna."

Auta ta yi dariya don Doguwa ta yi. Ba tsadar littafi kaɗai ke damunta ba. Wannan shekarar, ta biyu, ita ce wadda Yaya bai ƙarasa ba.

Yayanta ne, su biyu kaɗai Mama ta haifa. Shekara huɗu da suka wuce yana wannan sashen, yana wannan ajin. Ya dawo wata Alhamis yana cewa kansa na sara, ya kwanta, ya ce da Mama kada ta damu, ranar Litinin zai koma makaranta. Ranar Litinin ɗin aka fita da gawarsa. Bayan mako guda Mama ta shiga ɗakinsa da buhu, ta kwashe littattafai da takardun zane da dogon ma'auninsa, ta ɗaure bakin buhun ta miƙa wa kawun yaran ba tare da ta dube shi ba. Ta ce, "Kai su inda ka ga dama. Kada in sake ganin ko ƙyallen takardarsa a gidan nan." Tun daga ranar ba ta ƙara kiran sunansa ba, ba ta kuma bari a kira a gabanta.

Da Auta ta ce ita ma gine-gine za ta karanta, kwana biyu Mama ba ta ce mata uffan ba. A rana ta uku ta tsayar da keken ɗinki, ta ce, "Ke ma can za ki?" Shi ke nan abin da ta faɗa. Washegari ta karɓi ɗinkin labule na wata makaranta, ta duƙufa a kai har idonta ya yi ja.

Teburinsa Auta ta gada, da kujerarsa mai ƙafa ɗaya gajera. Wani lokaci da la'asar, tana tsakar gida tana wanki, sai ta ji kujerar ta yi ƙara irin wadda take yi in mutum ya jingina baya. Ta shiga ta tarar ba kowa, sai ƙamshin fensirin da aka fere yanzu-yanzu. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Akwai ranar da ta fito da fensir maƙale a kunnen hagu ba ta ma sani ba, Mama ta ɗago kai ta gan ta, ta tashi ta bar ɗakin da allura a hannu. Gaskiyar magana Auta tsoro take ji. Gani take sawunsa take bi taki bayan taki, kuma ta san inda sawun ya ƙare.

Shagon Baba Gefe yana bayan ƙofar kwalejin, a matse tsakanin mai buga takardu da mai gyaran takalma. In mutum biyu suka shiga, na uku sai ya jira a waje. Littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, da fanka guda wadda wuyanta ya daina juyawa, ta kafe tana hura wa bango iska. A bakin ƙofa ya rataye allo ya raba shi gida uku da alli: A SAYA, A ARA, A MANTA. Ɗalibai sun fi gaskata allon nan da allon sanarwar sashe.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa 'yata, shigo. Kawo jerin in gani. Tara! Allah ya shirya malaman nan. Su a zamaninsu da guda biyu suka gama, ɗayan ma aro ne."

Tsoho ne siriri, da tabarau wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare. Bai taɓa zama a aji ba, amma ya fi shekara talatin yana sayen littafi a hannun masu fita yana sayar wa masu shiga. Ya hau ɗan benci ya sauko da guda takwas, ya jera su a kan tebur, bai buɗe ko ɗaya ba. Ya juya su duka, gefen takardun ya fuskanci Auta.

"Kin san abin da ya sa ake ce mini Gefe? Ni ba na karanta ciki, ban iya ba. Nan nake karantawa." Ya bi gefen wani littafi da babban yatsa. "Hannun ɗalibi ba ya rabuwa da gumi da maiƙo. Duk shafin da ya buɗe sau goma sai gefensa ya yi duhu. Dubi wannan, ya yi baƙi tun daga fari har ƙarshe. Malaminsa na aiki da shi, saya. Wannan kuma dubi, fari fat, kamar jiya aka buga shi, alhali hannu biyar ya bi. Ado ne, manta da shi. Wannan tsakiyarsa kaɗai ta yi dauɗa, babi biyu ke nan. Ki ara ki kwafe, kada ki ɗora wa kanki kaya."

Auta ta tsaya baki buɗe. Cikin ɗan lokaci ya ware mata uku gefe guda, ya tura biyu wajen aro, sauran ya mayar da su sama yana tsaki.

"Baba, takwas ka sauko da su. Na tushen gini fa?"

Fuskar tsohon ta washe, irin ta mutumin da aka taɓo masa abin da yake alfahari da shi. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wani koren littafi mai kauri.

"Wannan ai ba na sayarwa ba ne, da shi nake koyarwa. Dube shi da kyau. Rabin farko baƙi ƙirin, ban taɓa ganin wanda ya ci littafi irin haka ba. Sai ga shi nan, tsaf, kamar an ja layi da wuƙa. Daga nan har ƙarshe ko yatsa bai taɓa ba. To ki gaya mini, yaro mai ƙwazo irin wannan zai tsaya haka kawai? Malalaci a hankali yake saki, dauɗar ta riƙa dusashewa. Wannan bai saki ba. Malami ne ya tsaya, shi ma ya tsaya. Rabin farkon kuwa duk yana cikin takardun da malamin ke rabawa. Shi ya sa na ce a manta."

Auta ba ta ji ƙarshen maganar ba. Daidai inda duhun ya haɗu da farin, wani ɗan ƙyalle ya leƙo daga saman littafin, rawaya mai ƙananan furanni. Ta san yadin. Mama ta ɗinka mata riga da shi tana 'yar shekara goma sha biyar, kuma ta tuna wanda ya sunkuya ya tsinci ragowar a ƙarƙashin keke yana cewa ya samu alamar shafi kyauta.

Ta karɓi littafin. Ta buɗe wani wuri can farko. Rubutun fensir ne ƙanana a gefen shafi, masu karkata hagu, da irin bakwai ɗinsa mai ɗamara a tsakiya. Shekara huɗu ba ta ga rubutun nan ba, har ta fara tsoron ta manta shi. Ta ƙara buɗawa. Wani shafi ya yi tabon shayi mai faɗi, an zagaye tabon da fensir an rubuta a ƙasa: *Aikin Auta.* Gaba kaɗan rubutun ya koma na biro, da bayani a sama: *Ɓarauniya ta sake ɗauke mini fensir.*

Fankar na ta hura bango, amma sai ta ji iska a bayan wuyanta, da ƙamshin fensirin da aka fere.

"'Yata, lafiya? Zauna mana. Ko jiri ne?"

"Baba," in ji Auta, "ba malami ne ya tsaya ba. Mai littafin ne ya rasu. Yayana ne."

Tsohon ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya nemi benci da hannu ya zauna.

"Allah ya jiƙansa da rahama," ya ce can. "Wani mutum ne ya kawo shi cikin buhu. Na tuna shi. Bai yi ciniki ba, bai ko zauna ba. Ni kuma ban tambaya ba." Ya dubi gefen littafin a hannunta. "A shekarar aka fara sa littafin a jerin. Wannan ɗayan kaɗai ya taɓa shigowa shagon nan. Na ce kada a saya, ba a saya ba, don haka wani bai sake dawo mini ba balle in gwada. Shekara huɗu, 'yata. Yara suna zuwa suna kuka sun faɗi, ni ina taya su zagin malami."

Ya tashi ya fita bakin ƙofa. Ta ga ya sa hannun rigarsa yana goge layi ɗaya a ƙarƙashin A MANTA, yana ta gogewa bayan rubutun ya riga ya fita. Mai gyaran takalma ya ɗago ya ce, "Baba, yau kuma allon ne ya yi laifi?" Tsohon ya ci gaba da goge allon.

Auta ta tsaya da littafin a ƙirji. Maganar Mama na yi mata amo a kunne, kada ta sake ganin ko ƙyallen takardarsa. Zuciyarta ɗaya na cewa ta ajiye shi ta gudu, ta ari sabo a wani wuri wanda ba hannun kowa a ciki. Amma ta kasa sakinsa. Ta dubi ukun da aka ware mata, ta zare na ƙasa ta mayar wa tsohon, ta ɗora koren a gurbinsa.

"Ɗauki duka huɗun," in ji shi. "Wannan naku ne tun asali."

"A'a Baba, uku na zo saye. Wancan zan ara."

Ya karɓi abin da ta miƙa ya jefa a aljihun tebur bai duba ba. Tana fita ta ji yana ce wa wani ɗalibi da ya leƙo, "Je ka dawo gobe. Yau idona ba ya gani."

Ta ɓoye shi a ƙasan jaka, ta rufe da mayafi, ta wuce Mama a kan keke da gaisuwa a gurguje. Daga ranar littafin bai kwana a fili ba. A laburare take buɗe shi, ko a ɗaki in ta ji keke na ta aiki. Sai ya zamana kamar tare suke karatun. Inda zai yi mata wuya, ta tarar ya riga ta, ya ja layi ya rubuta hanya mafi sauƙi. Inda malami ya yi kuskure a allo, ta ga Yaya ya rubuta *Malam ya manta alamar ragewa* tun shekara huɗu, ga shi malamin ya sake mantawa. A ranar dariya ta kufce mata a aji har aka juyo ana kallonta, sannan ta fita bayan gini ta yi kuka mai isarta.

Doguwa ma ta laƙe mata, kullum tana gefenta tana leƙe. "Wannan yayan naki ai ya fi malamin iya koyarwa," in ji ta.

Abin da Auta ba ta faɗa wa Doguwa ba shi ne tana ganin ƙyallen nan na matsowa. Kowane mako duhun da ke hannunta na dama yana ƙara sirancewa. Ba ta taɓa leƙa shafin da ƙyallen yake ba, balle bayansa. Ta fara rama. In kanta ya ɗan sara sai gabanta ya faɗi, ta riƙa taɓa goshi tana ɓoye wa Mama.

Mako na bakwai, ranar Alhamis, malamin ya rufe babi na bakwai ya kakkaɓe alli daga hannunsa. Ya ce, "Ranar Litinin za mu shiga na takwas. Ba na raba takarda a kansa, yana cikin littafi. Duk shekara sai na faɗa, ba mai ji." Ashe bawan Allah gaskiyarsa yake faɗa tun tuni.

Ranar Asabar da la'asar ta zauna a teburin, rana na shigowa ta taga tana kwanciya a kan katakon. Ta fito da littafin ta buɗe inda ƙyallen yake. Shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Lissafi ne ya cika shi, ya warware tambaya ta ƙarshe daidai, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. A can ƙasa, da rubutun da ya ɗan karkace fiye da kullum, ya sa: *Daga nan ranar Litinin.*

Ta ɗora yatsa a kusurwar shafin. Yatsan ya ƙi motsi. Ta ji kamar akwai mutum tsaye a bayan kujerar, bai matsa ba, bai tafi ba, yana jira. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba, kuma ba ta lura keken ɗinki ya yi shiru ba.

"Auta, tashi in gwada miki tsawon hannun nan."

Mama ce a bakin ƙofa, da tef ɗin awo rataye a wuya da rigar da ba a gama ba a hannu. Auta ta yunƙura za ta rufe littafin, amma idon Mama ya riga ya sauka a kan ƙyallen. Tela ba ta manta yadin da ta yanka. Rigar ta zame daga hannunta ta faɗi ƙasa.

"Ina kika samo wannan?"

"A shagon littattafai, Mama. Yana cikin waɗanda aka ce mu saya. Ki yi haƙuri, gobe zan fitar da shi."

Mama ta tako a hankali. Ba ta iya karanta harshen da aka buga littafin da shi ba, amma ta san hannun ɗanta. Ta shafa rubutun da tafin hannu, ta koma baya shafi-shafi har ta iso tabon shayin. Auta ta faɗa mata abin da aka rubuta a ƙasa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Mama, ba a ce dariya ba, ba a ce kuka ba.

"Na tuna ranar," ta ce. "Ya bi ki da gudu har ƙofar gida, kina ihu kina ɓuya a bayana."

Ta dawo da shafukan zuwa inda ƙyallen yake. Ta karkata littafin ta dubi gefensa, rabi baƙi rabi fari, ta daɗe tana kallo.

"Nan ya tsaya?"

"Nan."

"Me ya rubuta a ƙasan nan?"

Auta ta faɗa mata. Mama ta runtse ido, hawaye suka gangaro ba ta share ba.

"Ke kuma me ya hana ki wucewa?"

"Tsoro nake ji, Mama," in ji Auta, kuka ya ƙwace mata. "Komai nasa na bi. Teburinsa, ajinsa, har shafinsa. Jibi Litinin."

Mama ta dube ta, irin kallon da ta daɗe ba ta yi mata ba, ta ga ramar, ta ga idon da ya faɗa. Ta zagaya bayan kujerar ta tsaya daidai inda Auta ke jin mutum, ta dafa kafaɗarta da hannu ɗaya. Hannun da ɗumi, yana warin man keke.

"Ni ma tsoron nake ji tun ranar da kika shiga makarantar nan," ta ce. "Matsa hannunki."

Ta lashi babban yatsanta ta kama kusurwar. Shafin ya ɗan manne da na bayansa, don tun daga maɗaba'a ba wanda ya raba su. Ta murza a hankali har ya saki, ta juya shi. Fari ne tas, ba fensir, ba biro, sai tambarin yatsan Mama na man keke a kusurwa, baƙi, ya fito har gefe.

Ta zare ƙyallen rawayan daga inda ya shekara huɗu, ta shimfiɗa shi a sabon shafin. Sannan ta jawo ɗan benci ta zauna kusa da teburin, ta ɗauki rigar daga ƙasa ta ɗora a cinya.

"To, karanta da ƙarfi," ta ce. "Ba zan gane ba, amma ina nan."